Zaren da yake ja na a ruku'u

Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ni ce mai wankin kayan ciki a gidanmu ranar Babbar Sallah. Duk wadda ta taɓa zama gaban baho tana wannan aiki ta san yadda hanjin rago yake a hannu: sulɓi ne da shi, ki kama nan ya zille can, komai yana kwance kan ɗan'uwansa amma babu wanda ya riƙe wani. Ban taɓa kawo wa raina cewa cikina ma haka Allah Ya yi shi ba, sai ranar da wani likita ya juyo min da fuskar kwamfuta ya ce, "Hajiya, dubi nan. Naki ba ya zamewa."

Ciwon mara kuwa tare muka fara da al'ada. A makarantar kwana an san ni, duk wata sai an kwashe ni daga aji kamar kayan wanki, ina amai ina murƙususu. Felvin na sha shi har ya tayar min da gyambon ciki. Kowa abu ɗaya yake faɗa, in kin yi aure zai daina. Na yi aure a 2015, bai daina ba. Aka koma cewa in kin haihu zai daina, haihuwar kuma ta ƙi zuwa.

A 2017 wani dare ciwo ya turnuƙe ni ta gefen hagu, aka kai ni wani asibitin kuɗi. Hoto ya nuna ƙulli a ma'ajiyar ƙwai, washegari aka yanka ni, yanka irin na masu haihuwa, daga wannan gefen mara zuwa wancan. Maigidana ya sa hannu, ni kuwa ban tambayi komai ba. Me ma zan tambaya? Da na farfaɗo aka ce an cire, jini ne baƙi mai kauri a ciki, Allah Ya kiyaye gaba. Ba a kai abin da aka cire ɗakin gwaji ba, ba a faɗa min sunan cutar ba, takardar sallamar ma layi uku ce. Na koma gida na kwanta sati biyu cur, don Hajiyar maigidana ta ce kada in kuskura in motsa ɗinki ya farke. Har fo ake kawo min ɗaki.

Wata huɗu bayan nan na fara jin wani sabon abu, wanda ba irin ciwon da na sani ba ne. Na al'ada murɗa yake, yana zuwa da lokacinsa ya tafi. Wannan ja yake. In na sunkuya ruku'u sai in ji kamar an ɗaura zare daga cibiyata zuwa ƙuguna na hagu, wani yana ɗan fizgarsa. In na juya a gado, haka. In na ci tuwo na ƙoshi, haka. Bayan gida kuwa sai na dafe bango. Na koma asibiti aka ce sanyi ne. Shekara biyar ina shan maganin sanyi, na bature da na gargajiya, allura kuwa ban san adadinta ba. Wata gwaggona ta kai ni ruƙiyya, don a ganinta mace mai ciwon mara da rashin haihuwa ba ta rasa jinnul ashiƙ. Ban ga laifinta ba, ita ma neman mafita take min, kuma duk hoton da aka ɗauka sai a ce lafiya lau.

A 2022 wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani likitan mata a Abuja, wanda aikin tiyata da kyamara shi ne fanninsa. Shi ne ya yi min hoto ta gaba, yana ɗan tura na'urar a hankali, ɗaya hannun yana danna marata. Ya ce a mace mai lafiya, in aka yi haka, mahaifa tana sulalewa ta kan hanjin da ke bayanta. Tawa tare suke tafiya da hanjin kamar an liƙa su da gam. Ma'ajiyar ƙwai ta hagu ma ta maƙale a bayan mahaifa, ga wani sabon ƙulli a cikinta.

A ranar na fara jin kalmar endometiriyosis, ina da shekara talatin da biyu. Ya ce wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa, irin wadda take zubewa a matsayin jinin al'ada, amma sai ya tsiro a inda ba muhallinsa ba: kan ma'ajiyar ƙwai, bayan mahaifa, jikin hanji ko mafitsara. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita. Baƙin jinin da aka kwashe min a 2017 tsohon jini ne da ya taru wata bayan wata. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kusan mata miliyan 190. Na yi shiru ina tuna 'yan ɗakinmu na makaranta, mu arba'in ne, kuma ba ni kaɗai ake kwashewa ba.

Sai zaren da yake ja na. Likitan ne ya ɗauki takarda ya zana min, kuma bayanin nan shi ya sa na zauna rubuta wannan labari.

Ya ce akwai wani siririn tantani mai damshi da ya lulluɓe bangon ciki da duk kayan da ke cikinsa, shi yake ba su wannan sulɓin. In tantanin ya ji rauni, ko da wuƙa, ko ƙuna, ko bushewa, ko jini ya kwanta a kansa, ko ƙwayar cuta, jiki yakan fitar da wani ruwa mai danƙo ya rufe wurin. Danƙon nan alheri ne, da shi rauni yake kamewa. Ka'ida ita ce jiki ya narkar da shi cikin 'yan kwanaki, sabon tantani ya shimfiɗu. Amma in raunin ya yi yawa, ko wurin bai sami isasshen jini ba, sai narkarwar ta gaza. In kuwa akwai raunuka biyu suna fuskantar juna, danƙon sai ya zama gada a tsakaninsu, nama ya bi ta kai ya gina, har jijiyoyi su shiga. Wani ya zama kamar yanar gizo-gizo, wani kamar igiya. Shi ke nan an manne. Kuma duk wannan hukunci, in ji shi, cikin kwana biyar zuwa bakwai na farko bayan aiki ake yanke shi. Mai endometiriyosis kuma nata biyu ne, don cutar da kanta tana manne kayan ciki ko ba a taɓa yanka ta ba, sannan aikin da za a yi don cire cutar shi ma rauni ne.

Na ce, "To Likita, in an raba su, me zan sha don kada su sake mannewa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana hanawa. Kaso mafi girma na rigakafin a hannuna yake, lokacin ke kina barci. Don haka ni ya kamata ki titsiye da tambaya, kuma yanzu, ba bayan an gama ba."

Maigidana yana gefe, na ga ya gyara zama. Mu da aka yi wa tarbiyyar cewa tambayar likita rashin kunya ce, ga likita yana cewa a titsiye shi. Muka tafi masauki, da daddare na yage takarda daga littafin darasina na rubuta tambayoyi, maigidana yana ƙara nasa. Washegari muka koma.

Na fara da dalilin da ya sa za a yi da kyamara ba yanka ba. Ya ce huda uku ko huɗu za a yi, babbar a cibiya wajen santimita ɗaya, sauran rabin haka. Ba a buɗe ciki iska ta busar da shi, ba a cusa hannu da ƙyallaye ana ture hanji, kuma kyamarar tana ƙara girman komai har ɗan ƙaramin jijiyar da ke tsiyaya ana gani. Wannan yana rage sabuwar mannewa, musamman a jikin bangon ciki. Amma ya ja min kunne cewa kyamara ba laya ba ce. Inda aka raba tsohuwar mannewa rauni ne ɗanye ta fuska biyu, kuma sau da yawa yakan koma ya haɗe, ko da wace hanya aka bi. Ya ce shi ya sa ba ya son a yi ta shiga cikin mace ana fita, aiki ɗaya mai kyau ya fi uku na gaggawa.

Daga nan ya lissafa min abin da shi zai kiyaye, yana nuna yatsunsa. Zai kama nama a hankali, ba zai damƙi inda ba ruwansa ba. Zai taƙaita ƙona wuri da lantarki, don naman da aka ƙona matacce ne, kuma mataccen nama gayyatar danƙo yake. Zai tsayar da duk wani jini kafin ya fito, ya wanke cikin da ruwa mai ɗumi ya zuƙe gudaji. Ba safar hannu mai hoda, ba zare mai kauri, ba ɓata lokaci. Na lura duk cikinsu babu abin da kuɗi yake saya. Haƙuri ne da ƙwarewa, abin da ba a rubuta shi a allon ƙofar asibiti.

Abin da kuɗi yake saya shi ne shamaki, wato abin da ake sawa tsakanin raunuka biyu ya raba su na wannan satin, daga baya jiki ya shanye shi. Ya ambaci Interceed, wani ɗan ƙyalle mai kama da raga da ake naɗe ma'ajiyar ƙwai da shi, ya riƙiɗe ya zama kamar kamu, ya narke cikin wata guda. Sharaɗinsa kada jini ya taɓa shi, in ya jiƙe da jini ya yi baƙi amfaninsa ya tafi. Akwai Seprafilm, wanda ya ce kamar siririyar leda yake, yana da wuyar shigarwa ta ƙaramar huda don karyewa yake. Akwai Adept, ruwa ne da ake barin lita guda a ciki kayan ciki su yi ta iyo na 'yan kwanaki, wata ma gabanta kan ɗan kumbura kafin ya tsotse. Akwai kuma masu kama da man shafawa, irin su Hyalobarrier. Ya ce wasu likitocin sukan ɗaga ma'ajiyar ƙwai da zare su rataye ta a bangon ciki na 'yan kwanaki don ta yi nesa da raunin, sannan su zare zaren.

Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun saya, ciwon zai tafi? Za ta haihu?"

Amsar da ya ba shi ita ta sa na yarda da mutumin nan. Ya ce bincike ya nuna wasu daga cikin shamakan suna rage mannewa in aka sake leƙa cikin, amma ba a tabbatar suna rage ciwo ko ƙara samun ciki ba. Ya ce shi a nawa yana ganin ya dace a naɗe ta hagun, tunda an taɓa yanka ta kuma za a sake, amma ba zai ce mu ci bashi a kai ba. Mun riga mun sayar da sarƙata ta aure, na kuma kwashi adashi. Muka ce a sa. Sai da aka jira kwana goma kafin a kawo shi daga Legas.

Aikin ya ci awa uku da wani abu. Abin da na farka da shi ba ciwon ciki ba ne, kafaɗata ta dama ce kamar an soka min ƙusa. Na tsorata, na ɗauka zuciya ce. Nas ta ce iskar kabon dayoksaid ce da aka hura cikin da ita don a sami wurin aiki, ragowarta ce take taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, shi kuma jijiyarsa ɗaya da kafaɗa. Ta ce tafiya ce maganinta. Da magariba ta zo ta kama ni, na zuro ƙafa ƙasa, jiri yana ɗibata, muka taka daga gado zuwa ƙofa muka dawo. Ina tafe ina tuna sati biyun da na kwashe a kwance a 2017. Na tambayi likitan ko kwanciyar ce ta manne ni. Ya ce ba zai ɗora mata laifin ba, don ba a tabbatar tafiya tana hana mannewa ba. Abin da aka sani shi ne tana iya taimaka wa hanji ya tashi daga barci, tana kuma rage daskarewar jini a ƙafa, wanda shi yana iya kisa. Hanjin da yake motsi kuwa, in ji shi, ya fi masa kwanciyar hankali a kan wanda ya kwanta a kan rauni.

Ban taɓa zaton tusa za ta zama abin murna ba. Duk nas ɗin da ta shigo tambayarta ke nan, ko a gaban surukata. Da ta fito washegari da hantsi, har barka aka yi min.

Kwana biyu aka sallame ni, muka wuce gidanmu wurin Umma. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, kuma ba mai nuna damuwa a kaina ba ce a gaban mutane. Amma na isa na tarar ta sa an sayo itace, ga tukunya ga ganyen darbejiya, za ta gasa min jiki kamar mai jego. Ta ce, "Ke 'yar nan, ciki in an taɓa shi sai da ruwan zafi. In ba a gasa ba ai shi ne yake haɗewa." Na rasa yadda zan yi in ce mata a'a. Sai na kira likitan na sa a lasifika, ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Mama, a yi min alfarma a bar hudar nan ta bushe tukuna. Zafin ruwa ba ya kaiwa inda muka yi aiki, fatar kawai zai ƙona, in ƙwayar cuta ta shiga kuma an koma baya. Ki taya ni da abu uku: ta yi tafiya, ta sha ruwa, kada cikinta ya ɗaure." Umma ta karɓi wannan kamar an ba ta sarauta. Bayan kowace salla sai ta tashe ni in zaga tsakar gida, tana zaune kan tabarma tana ƙirga min zagaye da carbi. Gwanda da safe, kwaɗon zogale da rana, miyar kuɓewa da dare. Maganin ciwo mai ƙarfin da aka ba ni yana ɗaure ciki, don haka kwana uku na ajiye shi na koma farasitamol, da wani ruwan magani mai zaƙi na sassauta bayan gida. Salla a zaune na yi ta kusan sati biyu, ko bokiti ban ɗaga ba har wata guda. Itacen kuwa da shi aka dafa min farfesu.

Masu dubiya kowa da nasa. Wata ta kawo man zurma a shafa a ɗaure da leda, wata man habbatussauda, wata ta turo min tallar wani haɗi a WhatsApp wai yana narkar da tabon ciki cikin kwana bakwai, kuɗinsa ya kusa rabin albashina. Ni dai na wanke kayan ciki da hannuna, na san tazarar da ke tsakanin fata da hanji, na kuma san tantani in ya kama nama sai da wuƙa. Zuma da habbatussauda ina sha don sunna, ban ɗora musu aikin da ba nasu ba. Wanda ya amfane ni da gaske wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce da aka tura ni wurinta bayan wata biyu. Ta ce shekarun da na yi ina ɗaure jiki saboda ciwo sun sa naman ƙasan marata ya ƙage, ta koya min numfashi da miƙa. Ita ma ba ta ce za ta tsinka min wani zare ba.

Ranar da na koma ganin likita ya ba ni hotuna shida da sakamakon gwajin naman da aka cire, wanda ya tabbatar da cutar. Na daɗe ina kallon na farko. Ga hanjina an ɗinke shi da bangon ciki daidai ƙarƙashin tsohon yankan, da wasu fararen igiyoyi guda uku, ɗaya ta kai kaurin ɗan yatsa. Na sa yatsa a kai na ce, "Wannan ne." Shekara biyar ina kwatanta shi ana ce min sanyi.

Saura maganar dawowar cutar, don in ta dawo ita ma manne wa take. Ya ce magungunan da suke kwantar da al'ada, irin ƙwayar tazarar haihuwa, ko dayanojes mai miligiram 2, ko robar Mirena da ake sawa a mahaifa, suna rage dawowarta bayan aiki. Amma duk mai shan su ba za ta ɗauki ciki ba a lokacin, kuma shan su ba ya ƙara damar samun cikin daga baya. Tunda haihuwa nake nema, shawararsa in gwada tun wurin yana sabo. Muka gwada shekara guda, Allah bai kawo ba. Ciwon al'ada ya fara ɗan leƙowa, sai na koma kan dayanojes, muna tara kuɗin dashen ƙwai. Wannan zaɓin ya fi aikin kansa yi min nauyi, kuma har yau wani daren nakan ce da na ƙara wata shida.

Akwai gargaɗin da ya rubuta min da jan biro a bayan takardar sallama: in na ga amai ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura yana murɗa, ba tusa ba bayan gida, kada in jira gari ya waye, don igiyar mannewa tana iya shaƙe hanji ko bayan shekaru. Wata takwas da aikin, bayan bikin ƙanwata, na kwana biyu ban zaga ba, cikina ya yi tim, na yi amai sau biyu. Ƙarfe ɗaya na dare na tashi maigidana muka tafi. Aka yi hoto, aka ce ɗaurewar ciki ce kawai, naman biki ne da rashin shan ruwa. Wata nas ta yi ta mita wai na tayar da mutane a kan kashi. Na ba ta haƙuri, amma ko gobe na ga haka zan koma.

Yanzu ina cika ruku'u, bayana ya miƙe, ba mai fizgata. Gefen hagu yakan ɗan ja in cikina ya ɗaure ko na daɗe a mota, kuma likitan ya ce mai yiwuwa wani wurin ya koma ya kama, ba mai sani sai an sake leƙawa, shi kuwa ba zai leƙa don kallo kawai ba. Hotunan shida da rahoton aikin suna cikin wata leda a jakata, duk asibitin da na shiga su nake fara ajiyewa a kan tebur. Sallar bana ma ni na wanke kayan ciki, sai dai a kan kujera 'yar tsugunno, Umma tana zuba min ruwa da buta.